INDA AKA BINNE CIBIYA

Shafi na 17

Na Malama Rautha Bagudu

Salama gare ku duka, na coci da na masallaci. Saƙonninku sun iso, har da na baiwar Allah nan da ta ce na cika matsa wa Filibus, wai mutum ne mai gudun fitina. Na ji. Ki karanta wannan tukuna, sannan mu yi magana.

Wanda kuma yau ya fara leƙowa: Filibus da matarsa Briskila 'yan ƙasar Zuru ne, shekararsu tara da aure a Sakkwato, sun gina ɗan gidansu a Gawon Nama. 'Yarsu ta fari Alheri, shekararta shida. Kwana goma ke nan da Briskila ta haifi namiji, aka sa masa Ishaya. Jiya da yamma uwar Filibus, Iya Jummai, ta sauka daga ƙauye.

*

Da hantsi cibiyar Ishaya ta faɗi.

Hajiya Dijatu ce ta fara gani, maƙwabciyarsu ta jikin katanga, wadda ta ɗora wa kanta wankan jego tun ranar da aka dawo daga asibiti ba tare da kowa ya roƙe ta ba. Tana warware wa yaron zane sai ga abin a cinyarta, baƙi, busasshe, bai kai ɗan yatsa ba.

"To madalla, wanga yaro ya saki igiya," ta ce. "Maman Alheri, ga amanarki. Adana ta, kar kaza ta riga ki."

Briskila ta zazzage ashana daga kwalinta, ta sa cibiyar a ciki, ta ƙulle a haɓar zaninta.

Iya Jummai na zaune a tabarma bakin ƙofa tana ɓarar gyaɗa. Ba ta ko ɗago kai ba, hannu kawai ta miƙo.

"Kawo nan."

"Me zan kawo, Iya?"

"Kin ji ni sarai. Ba don ita ba me zai sa in yi wuni guda a mota da wannan ƙugun nawa?"

"Na ɗauka jikanki kika zo gani."

"Na gan shi. Yana da hancin ubansa, Allah ya raya. Kawo cibiyar."

Briskila ta gyara zama a bakin gado. Ta yi magana a hankali, da ladabi, irin ladabin da ake yi wa mutum idan an riga an yanke shawara.

"Iya, ki yi haƙuri. Wannan a nan za ta kwanta."

"A nan ina?"

"A gidan nan."

"Wannan masauki ne, ba gida ba. A gidanmu cibiyar ɗa ba ta kwana a ƙasar wasu. Gindin rumbun kakansu ake kai ta. Ta ubansa na can, ta kakansa na can. Ita ke jan mutum ta dawo da shi, ko ina ya shiga a duniya."

"Mun gama wannan maganar da Baban Alheri tun kafin a ɗaura mana aure. Inda muka haifi ɗa, nan za mu binne. Haka muka yi da ta Alheri. Tana nan bayan ɗakin girki, tun gidan nan yana fili, ko katanga babu."

Sai a lokacin Iya ta ɗago.

"Ta wa?"

"Ta Alheri."

Iya ta yi wata 'yar dariya, ta watsar da ɓawon gyaɗar da ke hannunta.

"Ke yarinya, zafin ruwan jego ya taɓa miki kai? Ta Alheri da hannuna na binne ta. Ubanta ya kawo min ita ranar Kirsimeti, cikin farin ƙyalle, ya durƙusa ya ba ni."



Hajiya Dijatu ta dubi wannan, ta dubi waccan.

"Ikon Allah," ta ce. "Ɗiya guda, cibiya biyu? Ni dai tara na haihwa, ban taɓa ganin irin wagga ba."

Briskila ta janyo wayarta.

"Baban Alheri, ka rufe kemis ka zo gida."

"Lafiya? Yaron ne?"

"Yaron lafiya lau. Ka zo dai."

*

Daga Sama Road zuwa gidan tafiyar minti goma ce. Filibus ya yi arba'in. Ya shigo da motar tsakar gida, ya mai da ƙofa ya sa sakata, ya fito da leda cike da lemo. Duk wanda ya san Filibus ya san wannan ledar. In ya ji ƙanshin rigima sai ya biya wajen mai lemo.

"Sannunku da gida. Iya, an tashi lafiya? Hajiya, sannu da ƙoƙari. Ga ɗan lemo, na ga mai kyau ne."

"Ajiye lemon," in ji Briskila. Ta riga ta fito tsakar gida, yaron na hannun Hajiya. "Ina cibiyar Alheri?"

Ledar ta tsaya a iska.

"Wace irin tambaya ce wannan da rana tsaka?"

"Irin wadda ake amsawa. Shekara shida da suka wuce na ba ka ita a hannunka, ina kwance da ɗinki. Ka fita, ka dawo da ƙasa a farcenka, ka ce ka binne a filinmu. Haka ne?"

"Haka ne."

"Auta," in ji Iya, don haka take kiransa har yau da furfura ta fara fito masa. "Ranar Kirsimeti ka kawo min farin ƙyalle, ka ce ga ta 'yarka. Haka ne?"

"Haka ne, Iya."

"To wa ka yi wa ƙarya a cikinmu?"

"Ban yi wa kowa ƙarya ba."

"Filibus!"

Tun da suka haifi Alheri ba ta ƙara kiran sunansa kai tsaye a gaban mutane ba. Ya ajiye ledar a kan murfin mota, lemo biyu suka gangaro ƙasa, ba wanda ya bi su.

"Ku zauna mana. A yi magana a zaune."

"Na zauna kwana goma. Faɗi."

Ya share goshi. Ya dubi ƙasa.

"Na raba ta."

"Ka yi me?"

"Reza na sa. Sabuwa ce fil, daga kemis na ɗauko. Na raba ta biyu daidai. Rabi na binne a nan, rabi na kai wa Iya."

Hajiya Dijatu ta kama baki da hannu ɗaya. Kafaɗunta na rawa, ba a san ko salati take yi ko dariya ba.

"Sabuwa ce fil," Briskila ta maimaita. "Kun ji. Rezar sabuwa ce. To alhamdu lillahi, an gode Allah, da tsohuwa ce da abin ya yi muni."

"Maman Alheri, ki fahimce ni. Ke kina kuka a nan, Iya na kuka a waya. Baba bai daɗe da rasuwa ba. Na ce me zai hana kowa ya samu?"

"Sarkin nan da muke koya wa yara a makarantar Lahadi, da mata biyu suka kai masa ƙarar jariri, barazana kawai ya yi da takobi. Bai yanka ba. Kai ka yanka."

"Ai ba yarinyar na yanka ba, fata ce busasshiya."

"Fata ce busasshiya?"

Wannan karon Iya ce. Ta miƙe tsaye ba tare da ta dafa komai ba, ƙugun da ake ta kuka da shi tun jiya ya manta da ciwonsa.

"Fata busasshiya na durƙusa na binne? Na yi addu'a a kai, na yanka zakarana guda ɗaya tilo na ciyar da unguwa? Na tsaya gaban matan zumuntar coci na ce ɗana bai manta gida ba? Ashe rabin ɗa gare ni!"

"Iya, ba haka nake nufi ba."

"To yaya kake nufi? In fata ce, me ya sa ka durƙusa da za ka ba ni?"

"In kuma ba fata ba ce," in ji Briskila, "me ya sa ka sa mata reza?"



Bari in tsaya nan in faɗi wani abu. Tun muna yara ake nuna mana irin su Filibus ana cewa ga mutumin kirki, ba a taɓa jin muryarsa ba. Ni dai da na tsufa na lura, duk gidan da ba a jin muryar maigida, akwai wata a ciki da muryarta ta dushe saboda ihun da ya bar mata. To, mu koma.

Iya ce ta fara dawowa hayyacinta. Ta koma kan tabarma, ta gyara ɗankwali.

"Shi ke nan. Rabi ko duka, ƙasa ta karɓa. Abin da ƙasa ta karɓa ya zama nata. Alheri 'yar gida ce."

"Ba wanda ya ce ba jikarki ba ce."

"Ban ce jika ba, na ce 'yar gida. 'Yar fari in ta isa ɗaukar tulu, wajen kakarta take komawa, ta girma a can, ta san dangi, ta san yare. Haka aka yi wa Mariyatu yayar mijinki, haka aka yi min. An yi mata ƙane, nono ya zama na wani. Lokaci ya yi."

Briskila ta juya ta dubi mijinta.

"Ka san da wannan?"

"An dai taɓa zancen."

"Yaushe?"

"Wajen Ista."

"Me ka ce?"

"Na ce... za a duba."

"Cewa ka yi in an haihu lafiya," in ji Iya. "An haihu lafiya."

Briskila ta janyo kujerar roba ta zauna daidai gaban tabarmar, abin da ba ta taɓa yi ba, don kullum a ƙasa take zama gaban surukarta.

"Iya, ina da tambaya. Cibiya nawa ce a gindin rumbun nan?"

"Wa ya ƙirga? Tun kakanni."

"Ta Yaya Bitrus na can?"

"Tana can."

"Yana ina?"

Briskila ta amsa wa kanta.

"Legas, shekara ashirin da biyu. Ta Yaya Ayuba na can? Yana Fatakwal, ko jana'izar Baba bai zo ba, hoto aka tura masa. 'Ya'yan Baba ƙarami su biyar, duk tasu na can. Wa ke gida a cikinsu? Kin ce tana jan mutum. Wa ta jawo, Iya? Mutum ɗaya ki faɗa min."

"Ke, ki iya bakinki."

"Na iya shi shekara tara. Ban ga abin da ya saya min ba."

"Maman Alheri..." Filibus ya fara.

"Kai ka yi shiru, ka riga ka yi naka aikin da reza."

Idon Iya ya kaɗa. Muryarta ta sauka, ta zama wata iri.

"Ɗaki goma sha ɗaya ne a gidanmu na ƙauye. Ni na san yadda aka ɗora kowane jinka. Yanzu ni ce a ciki da awaki huɗu. In na yi tari da dare ba mai cewa sannu. In na faɗi a bayan gida sai wari ya sanar da maƙwabta. Kuna nan kuna shan fanka, kina tambayata wa ta jawo."

Wannan ta shiga Briskila, ba ta ɓoye ba. Ta sauko daga kujerar ta durƙusa.

"To ki zauna da mu. Ga ɗaki can, da kanmu muka gina shi da sunanki, ki tambaye shi. Ki ga Alheri safe da yamma. Ki koya mata yaren, ni ma ki ƙara min. Coci ga shi nan kusa, akwai matan garinmu a zumunta sun fi goma."

"In bar kabarin mijina?"

"Baba ba ya tari, Iya. Ke ce kike yi."

"In bar gidana in zo in tare inda jikata ke dubana tana ce min, 'Kaka, mi kic ce?' Jiya na yi mata magana da harshen ubanta, ta tsaya tana kallona kamar na yi kukan akuya."

"A'a, Iya," in ji Hajiya Dijatu tana jijjiga yaron. "Mi al laihin 'mi kic ce'? Mu da shi munka girma, ga mu ba mu lalace ba."

"Ban da ke, Hajiya. Ke kina garinku. Su ne ba su san cewa su baƙi ne ba. Mutum ya zauna cikin mutanen da ba nasa ba, ba addini ɗaya ba, ba kabari ɗaya ba, ya ce ya yi gida. Ranar da gari ya rikice za su san inda cibiyarsu take."

"Gari ya taɓa rikicewa, Iya," in ji Briskila. "Kwana uku muka yi a uwar ɗakin Hajiyar nan. Mijinta a bakin ƙofa ya shimfiɗa buzunsa, bai tashi ba sai da ƙura ta lafa. Daga gida wa ya zo? Da na yi ɓari shekara uku da suka wuce, wa ya wanke min zane?"

"Bari wagga magana, Maman Alheri," in ji Hajiya, ta kau da kai. "Ba don a hwaɗi anka yi ba."

"Zan faɗa. Ban ce Sakkwato aljanna ba ce. Akwai ranar da nake fita da faɗuwar gaba. Amma can ɗin fa? Makarantar garin a rufe take tun bara, malamai sun gudu. Ke da bakinki kika ce ranar da aka ji ƙarar babura a dawa kuka kwana. Nan zan kai yarinya mai shekara shida, don an binne rabin fata?"

"Ni makaranta na yi? Ga shi na haifi mai kemis."

"Kin haife shi, kin sayar da shanu biyu kin tura shi makaranta don kada ya zauna a garin. Ke kika fara cire shi, Iya, ba ni ba. Ni a tasha na tsince shi."

Iya ta ɗauki gyaɗa guda ta fasa.

Briskila ta miƙe.

"Hajiya, ara min 'yar fartanyarki."

"Ke, jego kike. Ba a duƙawa."

"To ga mai duƙawa."

Hajiya ta leƙa ta ƙaramar ƙofar da ke tsakanin gidajen biyu, ta dawo da fartanya. Briskila ta karɓa ta miƙa wa mijinta.

"Haƙa. Nan, tsakiyar gida, inda kowa ke wucewa. Ba bayan ɗakin girki ba."

Filibus ya dubi fartanyar kamar an miƙo masa maciji.

"Me zai hana mu bari sai Lahadi? Mu samu Fasto, a zauna, a yi addu'a, a samo hanyar da kowa..."

"Da kowa zai samu. Na sani. Fasto ma ya zo da tasa rezar?"

"Ba a yanke hukunci cikin fushi."

"Ba cikin fushi muka yanke ba. A gaban bagadin coci ka riƙe hannuna. Kafin nan, a ƙarƙashin darbejiyar makarantar koyon jinya, ka ce min, Briskila, gidanmu zai fara daga kanmu. Ka faɗa ko ba ka faɗa ba?"

"Na faɗa."

"To haƙa."

Ya dubi uwarsa. Iya na ɓarar gyaɗa.

Bai karɓa ba.

Briskila ta ɗaure zaninta tamau, ta durƙusa a kan gwiwa biyu, ta kai sara. Ƙasar Gawon Nama ba ta da tausayi ga mai jego. Sara na uku ta cije leɓe, zufa ta keto mata. Hajiya na faɗin, "Ke, a hankali, ɗinki, ke!" Ba ta tsaya ba sai da ramin ya kai tsawon hannu. Ta kwance haɓar zani, ta buɗe kwalin ashanar ta nuna wa kowa.

"Ku duba da kyau. Guda ce, ba a taɓa ta ba."

Ta sa a ramin.

"Ya Uba, ga Ishaya. A nan ka ba mu shi, a nan muka ajiye. In ya girma ya tafi inda ka kira shi, kada wani rami ya riƙe masa ƙafa, ko wannan. Cikin sunan Yesu."

"Amin," in ji Filibus can ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron a kama shi da ita.

Ta mai da ƙasa, ta daddanna da tafin hannu. Ta jira ihu, ko tsinuwa, ko kuka.

Ba ko ɗaya. Iya ta hure ɓawon gyaɗa daga faranti.

"Kin gama?"

"Na gama."

"Sannu da aiki. Auta, ƙarfe nawa?"

"Ɗaya da rabi ta wuce, Iya."

"To."

Wannan "to" ɗin bai yi wa Briskila daɗi ba. Ta ɗauki fartanyar, ta dafa mota ta miƙe, ta karkaɗe gwiwa.

"Baban Alheri, an tashi makaranta. Je ka ɗauko ta, kada ta tsaya a rana."

Filibus bai motsa ba.

"Da kai nake."

"Dama... akwai maganar da nake so mu yi da yamma, in kin huta."

"Wace magana?"

"Yaya Mariyatu tana gari. Tare suka zo da Iya jiya, ta sauka wajen ƙawarta a Sabon Gari."

"Tana gari ba ta zo barka ba?"

"Da safe na kira makarantar. Na ce yau gwaggonta za ta ɗauke ta."

Fartanyar ta faɗi daga hannun Briskila.

"Ta ɗauke ta zuwa ina?"

"Mako biyu ne kawai! Wallahi mako biyu. Ki samu ki huta, ki ji da jariri, ita kuma ta ga gida, ta ga dangi. A cikin garin Zuru ma za ta fi zama, wajen Yaya. In kin yi arba'in, kai, kafin nan ma, da kaina zan je in ɗauko ta. Na ga ke kin samu yaron, Iya ta samu... Iya, gaya mata. Mako biyu muka yi da ke."

Iya ta ɗago ta dube shi, irin kallon da ake yi wa yaron da ya kawo ƙarar ɗan'uwansa alhali bakinsa duk manja.

"Na ce mako biyu."

"Kin ji ko?"

"Kai ma ka ce wa matarka ka binne. Ka ce min ka kawo. Kowa yana faɗin abin da zai sa a ba shi hanya, Auta. A wajenka na koya."

"Iya..."

"Yarinya ta tafi gida. Sai ta yi hankali, ta iya tuƙa tuwo, ta iya gaishe ni da harshena. Shekara bakwai aka yi wa Mariyatu, ba ta mutu ba. Motar ƙarfe biyu za su shiga. Ku riƙe na ramin, na bar muku."

Ban san yadda zan kwatanta muku fuskar Filibus ba. Mutumin da ya shekara shida yana ganin ya fi kowa dabara.

Briskila ba ta yi kuka ba. Ta karɓi Ishaya daga hannun Hajiya, ta sumbace shi a goshi, ta mayar mata.

"Ya sha ya ƙoshi. In ya farka akwai wanda na tatsa a kofi."

"Maman Alheri, kwana goma gare ki. Ba a hita."

"Wa ya ce?"

Hajiya ta cire mayafinta ta yafa mata a kafaɗa.

"Tahi. Ki ishe ta, ki zo da ita. Wanga yaro na hannuna."

Briskila ta zare makullin motar daga hannun mijinta, bai ma san ta zare ba. Ta shiga ta tayar da mota. Tana ɗago kai sai ta ga Iya.

Tsohuwar ta riga ta isa bakin ƙofar gida. Ta jingina bayanta da sakata, ta buɗe hannuwa biyu.

"Sai dai ki bi ta kaina. Ki taka uwar mijinki da mota, Sakkwato ta gani, Zuru ta ji."

Briskila ta sauke gilashi. Ba Iya ta kalla ba.

"Filibus. Biyu saura kwata. Ko ka ɗauke uwarka daga bakin ƙofar nan, ko ka je ka tsaya kusa da ita in san ku biyu ne. Wannan ba ta rabuwa."

Injin na kaɗawa. Ishaya ya fara ƙananan kuka.

Filibus ya taka, kamar ƙafafun ba nasa ba, har gaban uwarsa. Ya durƙusa yadda yake yi kowace safiya in zai gaishe ta.

"Tashi, Auta. Gaya mata ta kashe motar."

"Iya, ki gafarce ni."

"Na gafarta. Gaya mata."

Ya miƙe, ya sa hannu ɗaya a bayanta, ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinta, ya ɗaga ta cak.

"Auta! Ni? Ni ka ɗauka kamar buhun dawa? Sauke ni! Hannun da na wanke wa kashi!"

Tana dukan ƙirjinsa, ɗankwalinta ya faɗi. Hawaye na zubo masa, har ya kai ta kan tabarma ya ajiye a hankali kusa da farantin gyaɗarta. Ya koma ya zare sakata, ya wangale ƙofar duka biyu.

Yana buɗe ƙofar mota wayarsa ta yi ƙara. Ya duba.

"Yaya Mariyatu ce."

"Sa kowa ya ji."

Muryar ta fito tare da iska da ƙarar hanya.

"Auta, ka gaya wa Iya mota ta cika da wuri, ba mu jira biyun ba. Mun fita gari, mun kama hanyar Bodinga. Yarinyar dai sai kuka take, wai ba ta yi wa mamanta sallama ba."

Daga kan tabarma Iya ta ce, "To. Ƙasa ta karɓi abinta."

Filibus ya tsaya da ƙafa ɗaya a mota, ɗaya a ƙasa.

"Shigo da ɗayar," in ji Briskila, ta sa giya. "Kuma ka ce wa Yaya ta riƙa waiwaye."